AMSOSHIN TAKARDUNKU: Sardauna Ahmadu Bello A Zauren Majalisa

   

Takardar da muka zaɓa a wannan mako ta fito ne daga Tsamaye, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, daga hannun wani dattijo manomi wanda ya ce da rani yakan ɗan taɓa fataucin wake da albasa. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ce gardama ce ta kaure a dandalin da suke hira bayan sallar isha'i, a kan marigayi Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Wasu sun ce shi basarake ne kurum, bai taɓa zama ɗan majalisa ba. Wasu sun ce ai har ɗaure shi an taɓa yi a kan kuɗin jangali. Wani yaro ɗan makaranta kuma ya tsoma baki, ya ce Sardauna ne ya hana a ba Nijeriya mulkin kai da wuri. Daga ƙarshe mai takardar ya ƙara da tasa tambayar, wadda ta fi sauran nauyi. Ya ce su da ke zaune bakin iyaka, waɗanda a 'yan shekarun nan suka ga gona ta gagari mai ita saboda 'yan bindiga, suna so su sani, wai shin me ɗan majalisa yake iya yi wa talaka ne, a da can da kuma yanzu?

To Baba, mun gode da wannan takarda, Allah Ya ƙara girma. Tambaya huɗu ka ɗaure mana a ƙulli ɗaya, sai mu kwance su sannu a hankali.

An haifi Ahmadu Bello a garin Rabah, gabas da birnin Sakkwato, a cikin shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah ne, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ku mutanen Gobir ba sai an gaya muku ko wane ne Muhammadu Bello ba, tun da kufan Alkalawa yana nan kusa da ku, kuma shi ne ya ja rundunar da ta ci birnin a 1808. Wannan tsohon zance ne, yau an cuɗe an zama dangi, amma yana da kyau a san gidan da mutum ya fito, don gidan nan shi ne rabin labarinsa.

Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu. Ya yi karatun allo, aka sa shi makarantar boko a Sakkwato, daga nan a 1926 aka tura shi Kwalejin Katsina, wadda Turawa suka buɗe don horar da malaman makaranta. A wancan zamani da ƙafa 'yan makaranta suke zuwa Katsina daga Sakkwato, tafiyar kimanin mako guda. A can ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya iske shi a 1928. Ya gama a 1931, ya komo Sakkwato ya kama koyarwa a makarantar Midil har shekara uku. Ni da na bi ta makarantar horon malamai, wannan wuri yakan burge ni. In ka duba waɗanda suka fara riƙe Arewa, irin su Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, da Makaman Bida Aliyu, da Kashim Ibrahim, da Isa Kaita, da Shehu Shagari, duk da alli suka fara. Wanda ya saba tsayawa gaban yara arba'in da safe ya san ba a shiga aji sai da shiri, kuma zauren majalisa ma aji ne, sai dai ɗaliban masu gemu ne.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah, watau hakimi, yana da shekara 24. A nan ya koyi aikin ƙasa tun daga tushe: ƙidayar masu biyan haraji, rigimar gona da burtali, gyaran hanya da rijiya, da rakiyar Di'o in ya fito rangadi. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin waɗanda suka nemi gadon sarautar, amma Allah Ya ba ɗan'uwansa Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan mulki har zuwa 1988. Sarautar Sardauna da Abubakar yake riƙe da ita kafin nan sai aka ba Ahmadu, aka sa shi cikin majalisar Sarkin Musulmi, aka kuma tura shi Gusau ya riƙa duba gundumomin gabas. Ka ji inda sunan Sardauna ya samo asali.

Yanzu sai maganar jangali. Don yaran yanzu da ba su tarar da shi ba, jangali kuɗi ne da hukuma take karɓa a kan kowace saniya sau ɗaya a shekara. Aiki ne mai yawan zargi, domin makiyayi yana ɓoye shanu a daji kada a ƙirga, mai karɓa kuma in ba ya tsoron Allah yana iya karɓa ya hana rasit. To a 1943, Sardauna yana Gusau, aka kai ƙara cewa ya karɓi jangali daga hannun wasu Fulani bai zuba a baitulmali ba. Kotun Sarkin Musulmi ta zauna, ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Shi kuwa ya ce bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, inda aka sake bin shaidu, aka rushe hukuncin, aka wanke shi. Saboda haka Baba, ka gaya wa abokan hirarka cewa kowane ɓangare yana da rabin gaskiya: an yanke masa hukunci, amma hukuncin bai tsaya ba. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka cewa tsamin da neman sarauta ya bari ne ya haifi ƙarar. Daga baya dai an sasanta shi da Sarkin Musulmi, ya komo Sakkwato ya riƙe manyan ayyukan En'e, a 1948 kuma aka tura shi Ingila ya ga yadda suke tafiyar da ƙananan hukumominsu. Ka riƙe wannan magana ta ɗaukaka ƙara a zuciyarka, za mu komo kanta.

To, ya zama ɗan majalisa ko bai zama ba? Ya zama, har ma majalisa biyu ya zauna. Amma sai mun bayyana irin majalisar. A farkon 1947 aka fara aiki da tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya kafa majalisu biyu a Kaduna, ta Sarakuna da ta Wakilai. Wakilan nan ba talakawa ne suka jefa musu ƙuri'a ba, En'e-En'e ne suke tsamo su daga cikin ma'aikatansu, aikinsu kuma shawara ce kawai, Gwamna ya ɗauka ko ya bari. A daidai wannan lokaci 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Maraɗi da Tsibiri, nasu tsarin daban ne, don su wakilin Nijar, Hamani Diori, can birnin Paris ya tafi ya zauna a majalisar Faransa tun 1946. Sardauna ya shiga Majalisar Wakilai ta Kaduna a 1949, bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas. Ka ga ke nan ta ƙofar sarauta ya shiga siyasa, ba ta ƙofar akwatin zaɓe ba. Wanda ya ce basarake ne bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba.

Shigarsa ke da wuya sai aka tashi sake tsarin mulki a ƙarƙashin sabon Gwamna, Macpherson, kuma yana cikin waɗanda suka wakilci Arewa a wannan aiki. A babban taron da aka yi a Ibadan cikin Janairun 1950, wakilan Arewa suka kafe a kan abu guda: tun da Arewa ta fi yawan jama'a, sai a ba ta rabin kujerun majalisar tsakiya. Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina suka ce in ba haka ba, to a raba gari. Aka kai ruwa rana, amma suka samu. Cikin kujeru 136 na zaɓaɓɓu a Majalisar Wakilai ta Ikko, Arewa ta tashi da 68, Gabas 34, Yamma 34. Duk abin da Sardauna ya yi daga baya a siyasar Nijeriya, a kan wannan lissafi ya tsaya.

Zaɓen 1951 shi ma hawa-hawa aka yi shi. Masu biyan haraji a ƙauye su zaɓi wasu, waɗannan su je gunduma su zaɓi wasu, a haka har a kai lardi, inda a matakin ƙarshe En'e take da ikon cusa nata mutane. Shi ya sa jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agustan 1950, ta yi rawar gani a matakin farko, amma da aka kai sama ba ta tsira da kome ba. Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC mai alamar fartanya, ita ta cika majalisa. A 1952 Sardauna ya zama Ministan Ayyuka na Jihar Arewa, daga baya aka ba shi harkokin En'e da raya karkara, yana kuma zuwa Ikko a matsayin ɗan Majalisar Wakilai ta ƙasa.

A can Ikko ne abin da yaron nan ɗan makaranta ya karanta ya faru, kuma ya kamata mu tsaya a kansa sosai. Ran 31 ga Maris, 1953, wani matashin ɗan majalisa na jam'iyyar Action Group, Anthony Enahoro, ya kawo batu cewa majalisa ta amince Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardauna ya miƙe a madadin wakilan Arewa ya kawo gyara, ya ce a cire 1956, a sa cewa da zarar abin ya yiwu. Zaure ya ɗau zafi. Wani wakilin Arewa, Ibrahim Imam na Barno, ya nemi a ɗage zancen. Da wakilan Kudu suka ga in aka kaɗa ƙuri'a Arewa za ta rinjaye su, sai 'yan Action Group da 'yan NCNC suka tashi suka fice. A nan ne Sardauna ya yi maganar nan da har yau ake tunawa, cewa kuskuren da aka yi a 1914 ya fito fili, yana nufin haɗe Arewa da Kudu da Gwamna Lugga ya yi. Da suka fito waje taron jama'a ya bi su da ihu da zagi, ana ce musu 'yan amshin shatan Turawa, kuma ko a tashoshin jirgin ƙasa a hanyarsu ta komowa gida ba su tsira ba.

Me ya sa ya ƙi 1956? Dalilinsa a fili yake. Mulkin kai ba tuta da taken ƙasa ba ne kaɗai, ofisoshi ne da Bature zai tashi ya bari, sai wani ya zauna. A lokacin nan Kudu ta yi shekara fiye da ɗari da makarantun mishan, tana da lauyoyi da likitoci da injiniyoyi, alhali kuwa a Arewa makarantun sakandare ba su taka kara sun karya ba, likita ɗan Arewa kuwa in ka ambaci Dokta R.A.B. Dikko sai ka tsaya kana tunani. Akawun gidan waya, da na jirgin ƙasa, da na kantunan Turawa a Gusau da Kano, yawancinsu mutanen Kudu ne. Sardauna ya ga in Bature ya tafi a 1956, to an sauya ubangida ne kawai. Abin da ya nema lokaci ne.

Amma abin bai tsaya a fatar baki ba. A watan Mayu na wannan shekara, Action Group ta aika da tawaga ƙarƙashin Cif Akintola don ta yi taro a Kano, rikici ya ɓarke tsakanin birni da Sabon Gari har kwana huɗu. Rahoton hukuma ya ce mutum 36 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Majalisun Arewa kuma suka zartar da wasu buƙatu takwas waɗanda in da an bi su, da abin da zai haɗa Arewa da Kudu bai wuce kwastan da tsaro da hulɗa da ƙasashen waje ba. Wannan ya sa Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira shugabanni taro a Landan, aka fito da tsarin tarayya na 1954, inda kowace jiha ta sami Firimiyanta da ikon harkokinta na cikin gida. Ran 1 ga Oktoban 1954 Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa ta karɓi nata ran 15 ga Maris, 1959, ranar da aka zaɓa da gangan don a irinta ce Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Ƙasa baki ɗaya kuma ta sami 'yanci ran 1 ga Oktoba, 1960. Saboda haka a gaya wa yaron nan ya yi karatu da kyau, amma ya ƙara: Sardauna bai ƙi mulkin kai ba, ranar da aka sa ce ya ƙi, kuma tsakanin ranar da ya ƙi da ranar da aka samu shekara huɗu ce. A ganina ya yi daidai a kan lissafin, ko da yake kalaman da ɓangarorin biyu suka jefi juna da su sun bar tabon da bai warke da wuri ba.

Tsarin 1954 ya hana mutum ya zauna majalisar jiha da ta tarayya gaba ɗaya, sai ya zaɓi guda. Sardauna ya zaɓi Kaduna. Ga shi shi ne shugaban NPC, amma ya bar mataimakinsa Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957. Bayan zaɓen Disamban 1959, wanda shi ne karo na farko da kowane namiji baligi a Arewa ya jefa ƙuri'a kai tsaye a zaɓen tarayya, NPC ta ci kujeru 134 cikin 312, ta haɗa gwamnati da NCNC, shi kuwa bai motsa daga Kaduna ba. Masu sukarsa sun ce ya fi son ya zama mai naɗa sarki da ya zama sarki. Masoyansa sun ce ya san inda ƙarfinsa yake. Duka biyun suna iya zama gaskiya.

Lokacin nan da ya nema, me ya yi da shi? A nan ne ko abokan hamayyarsa suke sara masa. Ya fito da manufar cewa in akwai ɗan Arewa da zai iya aiki, shi za a ba, in babu a ɗauki baƙo na wucin gadi har a horar da na gida. Aka riƙa kwasar samari ana tura su kwas a Zariya da Ingila, ana zagaya makarantu ana lallashinsu su shiga aikin soja. Aka yi Yaƙi da Jahilci don manya su koyi karatu da rubutu. Aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, da Bankin Arewa, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, ran 4 ga Oktoban wannan shekara kuma aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya.

To amma ku manoma, ku tambaya da kuɗin wa aka yi? Da naku. A zamanin nan gyaɗa da auduga su ne man fetur ɗin Arewa. Tun 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda, dattawa kuma suna iya tuna ayarin jakuna da raƙuma da ke kai gyaɗa bakin sikeli. Daga 1954 Jihar Arewa ta sami hukumarta ta cinikin amfanin gona. Ita take yanke farashi tun farkon kaka, wakilanta masu lasisi su saya, ita kuma ta sayar a ƙasashen waje. Amfanin abin shi ne manomi ya san kuɗin buhunsa tun kafin ya kai kasuwa, ba mai karya masa farashi a tsakiyar kaka. Illarsa kuma ita ce a shekarun da kasuwar duniya ta yi kyau, ba a ba shi cikakken kuɗin guminsa, rarar tana hannun hukuma, da ita ake ba da rance, ake kafa masana'antu da manyan gine-gine. Watau haraji ne na biyu wanda ba a rubuta wa rasit. In ka ga dalar gyaɗa ta Kano a hoto, ko ka wuce ta ƙofar jami'ar Zariya, ka sani akwai gumin kakanka a ciki. Abin da za a yaba wa mutanen wancan zamani shi ne, an ga abin da aka yi da kuɗin. An rushe irin waɗannan hukumomi a 1986.

Yanzu mu komo kan ɗaukaka ƙarar nan da na ce ka riƙe. Mutumin da kotun sama ta cece shi daga hukuncin kotun fada, shi ne ya shugabanci gwamnatin da a ƙarƙashinta 'yan hamayya suka ɗanɗana kuɗarsu a hannun En'e. A lokacin, 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai duk na En'e ne, En'e kuwa ita da NPC Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ɗan NEPU a ƙauye yana iya kwana a gidan yari don ya yi taro ba izini, ko don an ce ya zagi hakimi, ko a tsananta masa wajen haraji har ya bar garin. Shi ba shi da kuɗin lauya, ba shi da hanyar Zariya. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A ƙasar Tibi an yi tarzoma a 1960 da 1964, aka kashe ta da ƙarfi. Mata kuma a Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba duk tsawon mulkinsa, alhali matan Kudu suna yi, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Ba za a ce bai taɓa gyara ba. A zamaninsa aka rage wa sarakuna ikon yanke hukunci su kaɗai ba tare da majalisarsu ba, aka kawo masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, suka ba da shawarar da ta haifi dokar laifuffuka ta 1959 da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a. A 1963 kuma, bayan binciken kuɗin En'en Kano, gwamnatinsa ta sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare, abin da ya nuna wa kowane sarki cewa yanzu Kaduna ce sama. Amma ikon da aka karɓe daga fada, ofishin Firimiya ya koma, bai gangaro wurin talaka ba. Haraji da jangalin da NEPU ta yi ta kuka a kansu, sai a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su a jihohinsu. Ina faɗin wannan ne ba don rage wa Gamji daraja ba. Mutum ne, ya yi aiki irin na mutane, kuma wanda duk ya ce a yi shiru a kan wannan ɓangare bai yi wa waɗanda aka ɗaure adalci ba.

Ƙarshensa kowa ya sani. A daren 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi, wasu hafsoshin soja ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka auka wa gidansa a Kaduna, suka harbe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A wannan dare aka kashe Akintola a Ibadan, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Ikko, daga baya aka tsinci gawarsa, aka kuma kashe manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Yana da shekara 55. Gidan nasa shi ne ake kira Gidan Arewa a yau, inda ake ajiye takardun tarihi, hotonsa kuma shi ne a kan takardar Naira 200. Allah Ya jiƙansu da rahama. Daga wannan dare aka rufe majalisun ƙasar nan, ba a sake buɗe su ba sai 1979. Soja suka sake rufewa a ƙarshen 1983, aka ɗan buɗe a 1992 aka kuma rufe a 1993, sai daga 1999 ne suke zaune ba yankewa.

To Baba, ga tambayarka ta ƙarshe. A yau Isa da Sabon Birni kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Abuja mai mutum 360, kuna cikin mazaɓar Sanatan Sakkwato ta Gabas a Majalisar Dattawa mai mutum 109, kuna kuma da wakilanku a Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato mai mutum 30. Gaskiyar magana, ɗan majalisa ba ya ba soja ko ɗan sanda umurni, wannan aikin Shugaban Ƙasa ne da manyan hafsoshi. Wanda ya yi muku alkawarin zai kori 'yan bindiga da hannunsa, ya faɗi abin da ba nasa ba. Amma makaman da ke hannunsa ba ƙanana ba ne, kuma su ne dai waɗanda Sardauna ya yi aiki da su: ya miƙe ya kawo batu, ya gyara na wani, ya tara 'yan'uwansa su zama yawa. Ba a kashe ko kwabo na gwamnati bisa doka sai majalisa ta amince da kasafin kuɗi, saboda haka yana iya tsayawa a kan a sa hanyarku, ko asibitinku, ko sansanin tsaro a yankinku. Majalisa tana da ikon kiran minista ko kwamishina ko shugaban wata hukuma ya zo ya yi bayanin inda kuɗi suka shiga. Yana iya kawo batun gaggawa ranar da aka kai wa ƙauye hari, don abin ya shiga rubuce, kada a ce ba a sani ba. Wakili ɗaya cikin 360 muryarsa ba ta da yawa, amma in na Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kebbi suka haɗa baki a kan abu guda, kamar yadda na Arewa suka yi a Ibadan, dole a saurare su.

Ku ma kuna da naku hannu a ciki. Kowace majalisa tana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a. Kuna iya rubuta takarda da sunan garinku, ku faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, gonaki nawa aka bari ba a noma ba, kuɗi nawa aka tilasta muku biya, ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, ku miƙa wa wakilinku ya gabatar, ku kuma ajiye kwafi a wurin wanda kuka amince da shi. In kuna tsoron sunayenku su fita, ku bi ta hannun ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa. Tsarin mulkin 1999 ya kuma ba ku ikon yi wa wakili kiranye: in fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa suka sa hannu cewa sun daina amincewa da shi, hukumar zaɓe za ta tantance, ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya ƙwarai, amma tana nan a rubuce, a sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, da sashe na 110 ga na jiha.

To jama'a, agogo ya ce mu dakata a nan. Baba na Tsamaye, a gai da mutanen dandali, a kuma gai da yaron nan ɗan makaranta. Sauran takardun da suka iso mu daga Gatawa da Isa da Unguwar Lalle suna nan a ajiye, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Assalamu alaikum.